Rashin Malama Sabina Matiyu, Mai Rubuta Ɗorawar Mata

ƘUNGIYAR MANOMA DA MALAMAN MAKARANTA TA ƘASAR BIRNIN GWARI

Zuwa ga iyalan marigayiya da dukan jama'ar ƙasarmu

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Shugaban Ƙungiyar Manoma da Malaman Makaranta ta Ƙasar Birnin Gwari, Alhaji Mainasara Kakangi, tare da 'yan kwamitin zartarwa da dukan 'ya'yan ƙungiya maza da mata, Musulmi da Kirista, suna sanar da masu girma dagatai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da malaman makaranta da sauran jama'a, cewa sun sami labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, Malama Sabina Matiyu, wadda Allah ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talata, 22 ga Maris, 1977, a gidanta da ke Randagi, bayan ta yi jinyar kwana tara da ciwon haƙarƙari. Ta rasu tana da shekara sittin da biyar ko kusa da haka. An yi jana'izarta washegari, aka binne ta kusa da maigidanta, marigayi Malam Matiyu, a gaban taron da harabar coci ta kasa ɗauka, har maƙwabta suka buɗe zaurukansu suka shimfiɗa wa baƙi tabarmi.

Marigayiya haifaffiyar Randagi ce, kuma tana cikin matan farko a yankin nan da suka iya karatu da rubutu. Tun daga shekarar 1953 ta riƙe ajin yaƙi da jahilci na mata, ta yi shekara ashirin tana koyarwa a ƙarƙashin rumfar da ta kafa a bayan ɗakinta. Da Hausa take koyarwa, wadda ta ɗan daburce kuma sai ta juya mata da Gbagyi, ba ta taɓa tambayar ɗaliba addininta ba, ba ta kuma taɓa korar wadda ta zo da goyo ba. Da yawa daga cikin malaman da ke riƙe da azuzuwa a makarantunmu a yau, iyayensu mata ne suka fara nuna musu baƙaƙe a ƙasa da yatsa, su kuwa iyayen a rumfar Malama suka koya. Duk da haka ba ta taɓa barin sana'ar da ta gada ba, wato daddawa, kuma masu cin kasuwar Tsohon Birnin Gwari sun san tata ko ba su ga fuskar mai sayarwa ba.

Amma aikin da ƙungiya take so ta tsaya a kansa shi ne wanda ta yi a watanni biyar na ƙarshen rayuwarta. Tun da wannan saƙo zai iya kaiwa hannun waɗanda ba 'yan ƙasar nan ba ne, ya kamata a yi ɗan bayani. A wajenmu gona daban, itacen ɗorawar da ke cikinta daban. Idan uba ya rasu, 'ya'ya maza sukan raba ƙasa, 'ya'ya mata su raba ɗorawa, uwa kuma ta bar wa 'yarta tata. Ko an ba da aron gonar, ko an sayar da ita, ko ta yi hannu uku, itacen yana nan na mai shi. Idan ɗorawa ta nuna, matar ta shiga gonar da gorarta mai ƙugiya ta kaɗe kayanta ba tare da ta nemi iznin kowa ba, mai gona kuma ba ya sare reshe sai ya aika mata. Daga wannan itace ake samun kalwar daddawa, da garin da ake dama wa yara, da makubar daɓe. Akwai gwauraye da tsofaffi a ƙauyukanmu waɗanda ba su mallaki komai a duniya ba sai itace uku ko huɗu a gonar wani.

A watan Nuwamban bara aka aiko wa ƙananan hukumomi daftarin wata doka da ake shirin yi a jiha, game da rajistar filaye da gyaran harajin gidaje, aka nemi jama'a su faɗi ra'ayinsu kafin kwamitin da aka ɗora wa aikin ya zauna. Malamanmu suka fassara daftarin zuwa Hausa, aka kira taro a filin makarantar Randagi, aka karanta shi daga farko har ƙarshe. Wajibi ne mu faɗi gaskiya a kan abin da ya faru a wannan rana, ko da ba ta yi mana daɗi ba. Mu maza mun kwashe kusan awa uku muna gardama a kan sashen da ya bambanta harajin gida mai rufin kwano da mai jinka, har wani ya rantse gobe zai kware kwanonsa ya mai da ciyawa. Da aka gama, muka amince cewa ban da wannan sashe sauran daftarin ba shi da aibi, Shugaba ya ɗaga hannu zai rufe taro.

A nan ne marigayiya ta miƙe daga cikin mata ta ce, "Malam Sakatare, maimaita mini sashe na goma sha ɗaya, kunnena ya tsufa." Aka maimaita. Sashen ya ce duk abin da ke tsaye a kan fili, gini ne ko itace, na wanda ya yi rajistar filin ne yake kuma biyan harajinsa. Sai marigayiya ta ce, "To ku da kuka yi boko, wanda ya rubuta wannan, yana cin miya kuwa?" Aka yi dariya, amma matan da ke zaune ba su yi ba. Shugaban Ƙungiya, wanda a gonarsa akwai ɗorawa huɗu na wata gwauruwa mai suna Huraira, ya ce da ita, "Uwa, ki kwantar da hankalinki, ai mun san juna, wa zai hana Huraira kaɗe kayanta?" Ta amsa masa da cewa, "Kai na san ka, Alhaji, na san babanka. Jikanka fa? Shi takarda zai sani." Alhaji Mainasara ya sauke hannunsa, ya ce taro bai tashi ba. Shi ne kuma ya roƙi a rubuta wannan magana a cikin saƙon nan kamar yadda aka yi ta.

Ba mu zargin waɗanda suka tsara daftarin da mugun nufi, domin a wurare da yawa abin da suka rubuta daidai ne, kuma rajistar filaye za ta kashe rigingimun iyaka da suka daɗe suna raba zumunci. Al'adarmu ce ba su sani ba. Mu kuwa da muka san ta, muka tashi da miyarta, mu muka fassara sashen da hannunmu, muka karanta shi da bakinmu, ba mu ga iyayenmu mata a cikinsa ba. Muna so matasanmu masu ilmi, waɗanda gobe su ne za su zauna a ofisoshi su rubuta wa jama'a dokoki, su riƙe wannan da kyau.

Ƙungiya ta yanke shawarar rubuta takardar koke tana roƙon a gyara sashen, a ba da damar rubuta sunan mai itace a cikin takardar gona. Marigayiya ta ce koke ba shaida ba zai yi nauyi ba, ta ɗauki nauyin tattara shaidar da kanta. Ta sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta da kwalbar tawada, ta shiga ƙauyuka a ƙafa tare da aminiyarta, Malama Laraba, wadda ta taɓa zama ɗalibarta. Tana da ƙa'ida guda wadda ba ta taɓa sassautawa ba: ba ta rubuta itace a zaure. Sai an je gindinsa, mai itace ta tsaya, mai gona ya tsaya, maƙwabcin iyaka ya tsaya. Matar ta faɗi daga wa ta gada, mai gona ya ce haka ne, ya dangwala yatsa, maƙwabci ya dangwala. Wani mai unguwa ya taɓa roƙonta ta zauna a inuwa a kawo mata mutane, saboda rana da kuma shekarunta, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, a zaure mutum yakan ce huɗu ne ko biyar, ya manta. A gindin itace kuwa kunya ba ta barinsa ya manta." Ta haka ta rubuta itace ɗari shida da goma sha biyu a ƙasar Randagi da Tsohon Birnin Gwari da wani ɓangare na Kakangi, kuma a cikin masu gona duka, mutum bakwai ne kawai suka ce sai sun yi shawara. Biyar daga cikinsu sun aiko daga baya a kira ta. A hanyar dawowa daga Kakangi ciwo ya kama ta, saura ƙauyuka uku ta kammala, kwamitin kuma zai saurari jama'ar ƙasarmu a Kaduna ranar Litinin, 18 ga Afrilu.

Akwai abu guda da ba mu sani ba sai bayan an binne ta. Ranar Alhamis, ana zaman makoki, wani dattijo manomi na Randagi, Malam Nababa, ya zo gaisuwa. Da ya gama, ya matsa kusa da 'yar marigayiya, Malama Naomi, ya tambaye ta a wane littafi aka rubuta ɗorawar mahaifiyarta. Ya ce itace biyar da Malama ta gada daga ubanta a gonarsa suke, tun zamanin da mahaifinsa ya sayi gonar, kuma tun watan Janairu yake jira ta kira shi gindinsu. Ya ga ta wuce ta bakin gonarsa sau uku da littafinta ba ta tsaya ba, har ya fara tunanin ko ya yi mata wani laifi ne, ya rasa yadda zai tambaye ta. Aka ɗauko littattafan guda tara aka duba shafi bayan shafi, babu sunan Sabina ko sau ɗaya. Sai Malama Laraba ta fashe da kuka, ta ce ta yi mata maganar ba sau ɗaya ba, marigayiya takan ce, "Bar nawa, Laraba. In na sa, za a ce don tukunyata nake yawo. In an gama na kowa a yi nawa."

Malam Nababa bai koma gida ba. Ya ce a tashi yanzu, shi ma ba yaro ba ne, bai san ko zai kai gobe ba. Aka kira maƙwabcin iyakarsa, masu zaman makoki suka bi su a baya, maza da mata, har gonar. Malama Naomi ta tsaya a inda mahaifiyarta za ta tsaya, ta faɗi daga wa aka gada. Dattijon ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana dafa kowanne yana cewa, "Haka ne, na Malama ne, yanzu na 'yarta ne." Ya dangwala yatsa sau biyar, ko da yake an gaya masa sau ɗaya ya isa.

Saboda haka kwamitin zartarwa, a zamansa na ranar Asabar, ya yanke cewa za a ƙarasa ƙauyuka ukun da suka rage kafin ranar 14 ga Afrilu, bisa ƙa'idar marigayiya, a gindin itace. Malama Laraba ce za ta jagoranci aikin, malaman makarantunmu huɗu za su riƙe mata littafi. Muna roƙon masu girma masu unguwannin Kakangi su sanar da masu gona da masu itace su kasance a kusa, muna kuma roƙon mutum biyun da har yanzu suke shawara su dubi Allah su gama ta. Malama Naomi Matiyu ta amince, duk da zafin rashi, ta tafi Kaduna tare da Shugaban Ƙungiya ta karanta takardar koke a madadin mahaifiyarta. Ba mu san abin da kwamiti zai yanke ba, kuma ba za mu yi wa iyayenmu mata alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada a kai littattafan nan da sunan ko mace ɗaya a waje.

A madadin Shugaba da dukan 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'ya'yan marigayiya, Malama Naomi da Malam Edward Matiyu, da jikokinta tara, da danginta na Randagi, da aminiyarta Malama Laraba, da fasto da jama'ar cocinta, da dukan matan da suka zauna a rumfarta suka fita suna iya rubuta sunansu. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya haɗa kanku, ya raya zuriyar da ta bari, ya saka mata da alherin da ta yi wa mutane. Malama Naomi, ke da ɗan'uwanki ku sani ba ku kaɗai kuka yi maraici ba, kuma duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa a ƙasar nan za a buɗe muku.

Sa hannu:

Malam Yusha'u Idrisu
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Ƙungiyar Manoma da Malaman Makaranta ta Ƙasar Birnin Gwari
Litinin, 28 ga Maris, 1977