Tunkiyar da Baffa Ya Kawo Daga Yaƙi

Zuwa ga Baffana Ammiyel, a birnin Taya,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga 'yarka Hogla. Ina roƙon Ubangiji ya sa wasiƙar nan ta same ka lafiya, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da fataken mai suka ce yana damunka. Mu nan ƙauye lafiya lau. Mun gama yankan sha'ir, Inna tana nan da ƙarfinta da faɗanta. Mijina Zabdi ne ke rubutawa ina faɗa masa, don ban yarda magatakardan ƙofar gari ya ji maganar nan ba. Yanzu haka harara ta yake yi, wai na cika tone-tone.

Na san labarin sarki ya iso ku. Filistiyawa sun ci mu a dutsen Gilbowa, ya faɗi tare da 'ya'yansa uku, har aka rataye gawarsa a jikin ganuwa. Na yi kuka, Baffa, ban ɓoye ba. Amma tun daga ranar tambaya ce ta cika mini kai. Yaya mutumin da ya ceci garin Yabesh cikin yini guda, wanda ya fi kowa tsawo a cikin taro, zai ƙare haka? Na tambayi tsofaffi, kowa amsarsa ɗaya: yaƙin Amalekawa. An ce a hallaka komai, kada a bar ko ɗan akuya, sai aka dawo da tumaki masu ƙiba. Annabin nan na Rama ya ji kukansu a sansani, ya faɗa wa sarki an karɓe mulki daga hannunsa. Sarki ya ce jama'a ne suka ɗebo, ba wanda ya saurare shi.

To, ga abin da ya same mu. Dattawa sun tsorata, sun ce sai an binciki kowane gida, kada a tarar da sauran haramtaccen abu a cikinmu masifa ta biyo mu. Tsoho Shammuwa ya tsaya a bakin garkenmu yana lasar baki, ya ce shi dai tun da uwarsa ta haife shi bai ga tunkiyar ƙasarmu ta Biliyaminu mai baƙar fuska da wutsiya kamar faifai ba. Na ce masa idonsa ne ya tsufa. Ya ce to, 'yar nan, idon ya tsufa amma bai mutu ba. Sun ba mu zuwa tsayuwar wata na biyu. In ta tabbata daga tumakin Amalekawa asalinsu yake, za a yanka su duka a ƙone, ko gashinsu ba za mu ɗauka ba. Ka san ba mu da gonar kirki, garken nan shi ne cinmu da suturarmu.

Duk tumakinmu jikokin Baƙuwa ne, tunkiyar da ka shigo da ita a kafaɗa shekarar da ka dawo daga yaƙi. Ina 'yar ƙarama lokacin, amma ina tuna kunnenta, don ni ke wasa da shi. Shaidar gidanmu yanka ɗaya ce a tsinin kunne, ita kuwa tsaga biyu ce a gefe, a jere, daidai wa daida. Da na tambayi marigayi Baba ya ce ƙaya ce ta yage ta. Na girma ina kiwo, Baffa, har yau ban ga ƙayar da ta iya yanka haka ba. Kai kuma ka ce a kasuwar Hebron ka saye ta, ba a yi wata uku ba ka tattara ka tafi Taya sassaƙar katako, ba ka sake takowa ba.

Don Allah ka faɗa mini gaskiya, ba don dattawa kaɗai ba. Daga ina ta fito? In daga can ne, sarki ne ya ce ku ɗauka, ko ku kuka ɗauka ya kasa hana ku? Yaya fuskarsa take sa'ad da annabi ya juya masa baya? Kuna tsaye a wurin, akwai wanda ya buɗe baki ya ce mu ne? Zabdi ya ce in roƙe ka ka rubuto Hebron kawai kowa ya huta. Na sa shi ya rubuta hakan don ka san ba ra'ayina ba ne. Abin da ka aiko shi zan sa a karanta a ƙofar gari, ko da zan kora su da hannuna zuwa wurin wuta.

Ka gaishe mini da Gwaggo Ma'aka, da Yaya Eliyada da matarsa Tirza, da jaririyar da ba mu gani ba tukuna. Zabdi yana gaisuwa. Inna ma tana gaishe ka. Ka san ta, shekara da shekaru tana zagin sarki a kan tumakin nan, tana cewa kwaɗayi ne ya kai shi. Tun ranar da labarin Gilbowa ya zo ba ta ƙara ambatonsa ba, kuma kullum na kai mata ƙwaryar nonon tumakin da safe sai ta ture ta gefe. Na tambaye ta me zan faɗa maka, ta daɗe tana kallon garke, sannan ta ce in gaya maka ya isa, sarki ya ɗauki laifin nan shi kaɗai har ya gaji.

Taka mai jiran amsa,
Hogla 'yar Yattir