Sakamakon Jinin Jikarki

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Baba da su Yaya? Mu lafiya lau, sai dai wankin kwalaben ɗakin bincike bayan darasi ya ɗan ramar da ni.

Akwai abin da na ɓoye miki. Ni da maiɗakina duk muna ɗauke da ƙwayar sikila. Mako uku muka yi muna jiran sakamakon jinin jaririyarmu, abinci ba ya shiga. Jiya likita ya ce, "Ƙwaya ɗaya ta gada, kamar ku. Ba za ta yi ciwon ba." Inna, a benci na zauna ina ta kuka.

Malaminmu ya koya mana cewa mai ƙwaya ɗaya ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa kakanninmu suka rayu har suka bar mana ita. Don Allah ki daina cewa ke kika jawo wa marigayi Auta ciwon sikila. Abin da ya kare ku, ke da Baba, shi ya haɗu a jikinsa.

Ki sa wa jikarki albarka. Hancinki ta ɗauko, duk faɗinsa.

Ɗanki