Hannun da Ban Ɗaga Ba

Zuwa ga Yaya Mamman a Abijan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ya aiki? Ya Hajara da yara? Mu nan Dakusa lafiya lau.

Na san labari ya riga ni isa wurinka, to ji daga bakina. A taron jam'iyyarmu, shugabar mata ta ce mu ɗaga hannu mu ƙi famfon da za a kafa a unguwarmu, wai don konseye, wato kansila, na 'yan adawa ne ya nemo shi. Kowa ya ɗaga, har waɗanda muke jan guga tare. Ni na bar nawa a cinya.

Ta ce, "Rabi, ɗiyar Malam Isa ce za ta kunyata mu?"

Na ce, "Hajiya, ke a randa kike ganin ruwa, ni a ƙasan rijiya."

Yanzu wasu ba sa amsa gaisuwata, Kawu kuma ya ce in je in ba da haƙuri. Ba inda za ni. Ban bar jam'iyyar Baba ba, amma ƙuri'a na ba su, ban haɗa musu da hankalina ba.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. In kuma faɗa za ka yi mini, zo ka ja guga ɗaya tukuna.

Ƙanwarka,
Rabi