Ƴar Kwaɗo Ta Dawo Gida, Saura Sitiyarinta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Share Hanyoyi da Tsaftace Unguwanni, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, ina fara neman gafara a kan ƙarfin halin da na yi. Ni yarinya ce, ajina biyar a sakandare, kuma ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba sai wadda ake sa mu a aji. Na zo ofishinku da niyyar in faɗi maganar da baki, amma da na hango mutane a baranda sai na juya na koma gida. Mahaifiyata ce ta ce tunda bakina ba ya buɗuwa a gaban manya, in rubuta. Na sa ta a fili ne, kowa ya karanta, saboda abin da ya same mu zai iya samun wani gidan. Idan na yi kuskure a lafazi, a ɗauke shi a matsayin ƙuruciya.

Ni ce ƴar Malam Sani makanike, mai tsohuwar motar nan da ma'aikatanku suka janye daga ƙofar gidanmu ranar Asabar ɗin tsaftar gari ta watan jiya, wadda ka ba da umarni aka mayar mana. Godiya ce ta fi yawa a wannan takarda. Amma akwai ƙorafi a ciki, kuma zan jera komai yadda ya faru.

1. Ko wace mota ce

Ƙarama ce, mai kujera biyu, ba ta da rufi, sitiyarinta a dama yake irin na motocin da. Fitilunta sun ɓullo a saman hanci kamar idanun kwaɗo, shi ya sa duk unguwarmu ake ce mata Ƴar Kwaɗo. Baba ya ce irinta ta gudu ce, don tsere aka ƙera ta. Kakana direban wani Bature likita ne, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Bayan rasuwar Kakana ta yi shekaru a kango, kaji na ƙwai a cikinta.

Tun ina firamare Baba ya jawo ta ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida ya fara tayar da ita. Ba aikin kowa ba ne, ba kuma don sayarwa ba. Idan ya tashi daga gareji, sai ya ba ta abin da ya rage na yini. Abokansa na majalisa suna tsokanarsa, su ce ko jikokinsa ba za su ga ranar tashinta ba, shi kuwa ya ce musu ranar da ta tashi kada wanda ya roƙe shi ɗani. Dalilinsa ɗaya ne. Iya, mahaifiyarsa, idanunta sun tafi, ƙarfinta ma yana raguwa, kuma ya yi mata alkawarin za ta sake jin kukan motar nan, ta kuma shiga cikinta, kafin ta bar duniya.

2. Yadda alamarku ta ɓace

An ce mana dokar kwamiti ita ce a shafa wa duk mataccen abin hawa jan fenti, idan mai shi bai kawar ba sai a janye. Ban ga laifin dokar ba, don ni ma na san yadda tarkacen motoci ke tara macizai da shara. Amma, ranka ya daɗe, mai gyaran tsohuwar mota yana da yadda yake aikinsa. Yakan cire inji ya shigar da shi ɗaki, ya cire gilasai da kujeru ya adana, ya kankare tsohon fenti har sai ƙarfe ya bayyana, sannan ya shafa wani jan fenti na shimfiɗa mai hana tsatsa. A wannan matakin Ƴar Kwaɗo take. Ja ce wur daga gaba har baya. Injinta yana zaurenmu a kan benci, an rufe shi da tsohon zanen Iya.

Ranar da aka zo sa alama Baba ya tafi Mashi gyaran wata babbar mota. Ba wanda ya yi sallama a gidan. Aka ɗiga ja a kan ja aka wuce. Da ya dawo, idonsa na mai sana'a ya ga wani wuri a bayanta yana ƙyalli, fentin ma ya zurara. Bai kawo komai a ransa ba sai ɓarnar yara. Ya kira ƙanena Habu ya yi masa faɗa, Habu yana rantsuwa yana kuka. Daga nan Baba ya ɗauko samfefa ya goge wurin tas, ya sake shafa nasa fentin. Wato da hannunsa ya share gargaɗinku, bai san gargaɗi ba ne.

3. Ranar da aka janye ta

An yi rasuwa a dangin Baba a Baure, ya kwana can. Da safe muka ji ƙarar janwe da sarƙa. Babu namiji babba a gidan, Mama ta ce in sa hijabi in leƙa. Na tsaya a bakin zaure na gaishe su, na ce motar Babana ce, gyaranta yake yi. Ban sani ba ko muryata ce ba ta fita ba. Jagoransu, mai jar hula, ya ce kowa haka yake cewa, kuma goge alamar hukuma ma laifi ne mai zaman kansa. Ya buɗe gabanta ya ga wayam, ya yi dariya ya ce wa abokansa wannan ai gawa ce, har an yi mata wanka. Na nuna musu cikin zaure na ce ga injin nan. Ba wanda ya juyo. Taku kaɗan ne tsakaninsu da bencin.

Suka ɗaura sarƙa a hancinta suka ja. Ina ji ƙarfen yana lanƙwashewa. Iya tana ɗaki tana tambaya me ake ja.

Da Baba ya dawo ya tarar da wurin babu komai sai baƙin mai a ƙasa, bai yi faɗa ba. Ya shiga zaure ya zauna kusa da injin. Tuwon da aka kai masa haka aka ɗauke shi. Ban taɓa ganin mahaifina a haka ba, kuma ba na fatan in sake gani. Abin da ya ƙara tayar mana da hankali shi ne labarin da ya zo cewa ƴan gwangwan sun riga sun zagaya filin ajiyarku, za su zo da wutar walda su yanyanka komai su auna a sikeli. A wurinsu Ƴar Kwaɗo ko nauyin kirki ba ta da shi.

4. Godiya

Mai unguwarmu ne ya raka Baba wurinka. An nemi takardun mota, Baba ya faɗi gaskiya cewa gara ta cinye su tare da akwatin Kakana tun shi Baba yana saurayi. An gaya mana wasu sun ce to magana ta ƙare, amma kai ka ce inda babu takarda ai akwai shaidu, haka shari'a ta tanada, kuma ka hana a taɓa motar har sai an saurare su. Wannan kalma taka ita ta tsare ta. Allah ya saka maka da alheri.

Limamin masallacinmu da Malam Ɗanjuma tela suka je suka shaida cewa tun suna yara suke bin motar nan da gudu. Mai jar hula ya ce ya yarda sun san wata mota, amma me zai nuna ita ce wannan, tunda ba lamba ba fentinta na asali? A nan ne Iya ta ce a kai ta. Baba ya so ya hana, ta ce masa ita ta haife shi ba shi ya haife ta ba. Ni na riƙe hannunta a cikin keke mai ƙafa uku har filin.

Kana wurin, ranka ya daɗe, amma zan maimaita don masu karatu. Tun kafin a matsar da ita kusa da motar, Iya ta ce a duba ƙofar hagu ta ciki. Akwai igiyar fata da ake jawo ƙofa da ita, ta tsinke a tsakiya, an haɗe ta da jar fatar dukawa, ɗinkin kuma karkatacce ne domin Kakana ne ya yi da kansa, shi kuwa bai iya riƙe allura ba. Ta ce ita ta tsinka ta, ranar da naƙudar Baba ta zo da gardama aka ɗauke ta zuwa asibiti, Kakana yana gudu tana jan igiyar tana ce masa ya rage. Aka leƙa, aka same ta yadda ta faɗa. Baba ya cire kusan komai na cikin motar nan, amma bai taɓa wannan igiya ba. Na ga ka cire tabarau ka yi dariya, ka ce da Iya ta gama shari'a. Ka sa janwen da ya ɗauki motar ya mayar da ita, wannan karon a hankali. A daren nan Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya kuma kira Habu ya ba shi haƙuri a gabanmu.

5. Inda aka kwana yanzu

Ina so ka san abin da ka ceto. Baba ya kai hancinta wurin mai bugun bodi an miƙar, ko da yake idan ka shafa za ka ji gurbin sarƙa. Tsoron abin da ya faru ya sa ya ajiye aikin fenti, ya mayar da inji tukuna. Motar tana da kabureta biyu, wato wurin da mai da iska ke haɗuwa, kuma dole su riƙa shaƙa daidai da juna. Baba ba shi da na'urar awo. Guntun tiyo yake sawa, baki ɗaya a kunnensa, ɗaya a bakin kabureta, ya saurari wannan ya saurari waccan, ya juya sukuru kaɗan, ya sake saurare. Ranar da ta fara tashi duk unguwa ta fito, ƴan majalisa har da masu tafi. Iya kuwa daga tsakar gida ta aiko ni in gaya masa wannan tari ne, ba muryar motar ba ce. Haka suka yi ta yi, shi yana juyi a waje, ita tana aiko ni da gyara. Sai ran Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, ina yi mata tsifa, na ji ta tsayar da carbi. Ta ce in yi shiru. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce ita ce. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce saura shiga.

6. Ƙorafin da ya rage

Shigar ce ta gagara, ranka ya daɗe. Da aka dawo da motar, babu sitiyari a jikinta. An kwance shi da sifana, ba karyewa ya yi ba, don har notin an tafi da shi. Da shi aka janye ta, na gani da idona, kuma Baba da shi yake juya ta idan zai tura ta inuwa. Na katako ne mai ruwan zuma, ƙarfen tsakiyarsa mai ƙafa uku, a gefen dama katakon ya yi duhu inda tafin Kakana ya saba zama. Baba ya gwada na wata ƙaramar bas, haƙoran ba su hau ba. Ya tambaya a Kano, an ce masa ko a mafarki. Maƙeri ya ce zai iya haɗa wani, Baba ya ce ba zai ɗauki tsohuwarsa da abin da bai amince da shi ba.

Ban ce wane ne ya ɗauka ba. A Islamiyya an koya mana ba a tuhuma sai da shaida, ni kuwa ban ga kowa ba. Abin da na sani kawai, a hannun kwamiti motar take lokacin da ya ɓata, amana ce a wurinku. Baba ya ce a bar wa Allah, tunda an samu babbar. Ni ce na kasa bari, domin ni nake kwana ɗaki ɗaya da Iya, ni take tambaya kullum da safe ko an samo.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi:

A tambayi masu gadin filin da ma'aikatan janwe. Wataƙila wani ya ɗauka ne da zaton kayan bola ne da za a yanka. Idan haka ne, ya ajiye shi wurin mai unguwa ko a masallaci. Mun yi alkawari ba za mu nemi sanin ko wane ne ba.

A daina dogara da ɗigon fenti shi kaɗai. A yi sallama a gidan da abin yake, ko a gaya wa mai unguwa, ko a faɗa a masallaci bayan salla. Idan kuma fentin ne dole, a duba launin abin da za a shafa wa.

A ja kunnen ma'aikata su riƙa sauraren wanda suka tarar a gida, ko mace ce, ko yarinya ce mai ƙaramar murya.

Ina addu'a Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya albarkaci zuri'arka, ya jiƙan magabatanka, ya sa aikin da kuke yi wa garin nan ya zama a mizaninku na alheri. Yadda ka faranta ran tsohuwarmu, Allah ya faranta naka.

A ƙarshe ina neman izini ɗaya. Idan Allah ya sa sitiyarin ya dawo, Baba ya ce zai zaga da Iya ta wajen Kusugu su dawo, a hankali, ko da motar gudu ce. Kujera biyu ce, ni a ƙofar gida zan tsaya. Idan ka yarje mini, ranar zan sake ɗaukar biro in gaya maka ko ta ja igiyar.

Wassalam.

Ƴarka mai ladabi,
Rukayya Sani,
Daura.