Kunnen Ikrima

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen, Bici.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Takarda na ba direba ya kawo maka, don a gidan nan ba a amsa waya sai Inna, uwar mijina, ta kasa kunne.

Yaya, tsoro nake ji. Ka san ni da maigidana Malam Basiru duk baƙaƙe ne, amma jaririna Ikrima yau watansa uku yana nan fari sol. Tun ranar suna Inna take duba saman kunnensa, wai a nan launin jariri na gaskiya yake fara nunawa. Kullum sai ta kai shi bakin ƙofa ta juya kunnen, har yau bai rine ba. Yanzu ta tuno da wata farar Bafulatana da gadonta ke kusa da nawa a asibiti, ita ma namiji ta haifa ranar. Inna ta ce musanya aka yi, har ta fara cigiyar rugarsu a kasuwar Tsanyawa.

Kai da kake koyar da ilimin halittu, faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Aina'u.

*

Aina'u,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, likitar kunne.

Kwantar da hankalinki. Mutane ba dawa ba ne, da za a ce wannan kaura, wannan farfara, kowace da rumbunta. Launin fata ba abu guda ke kawo shi ba. Ƙwayoyin gado ne masu yawa daga uwa da uba, wasu sukan ɓuya tun zamanin kakanni, sai rana ɗaya su haɗu a jikin yaro. Baƙaƙe sukan haifi fari, farare sukan haifi baƙi, kuma fata ba ta nuna wanda ya fi kusa da wani a jini.

Amma ba zan rantse miki ba a taɓa musanya a duniya ba. Kunne dai ba shaida ba ne. Akwai gwaji a Kano mai tabbatar da uwa. Kada ki miƙa yaron ga kowa.

Yayanki, Kamaruddeen.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

An samo Bafulatanar. Sakinatu sunanta, jiya aka kawo ta gidan nan, kuma ɗanta baƙi ne wuluk. Inna tana ganinsa ta miƙa hannu ta ce, "Ga namu nan." Sakinatu ta ƙanƙame shi ta juya baya. Da muka keɓe ta gaya mini ita ma dangin mijinta sun hana ta sakat.

Yaya, na kalli yaron, sai na ga kamar goshin Malam Basiru. Ko idona ne, ban sani ba. Dattawa sun ce ranar Juma'a a musanya yaran, kowace ta karɓi nata. Da ƙyar Malam Basiru ya ce a yi gwajin in kai za ka kai mu. Don Allah ka zo kafin Juma'a. In aka ɗauke Ikrima ban san yadda zan yi ba.

Aina'u.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardar gwajin da ka aiko ta iso, Malam Basiru ya karanta a tsakar gida. Ikrima nawa ne, na Sakinatu nata ne. Inna ta ce dama ita ba ta zargi kowa ba. Allah ya saka maka.

Abu ɗaya ne ban iya gaya wa kowa ba. Duk kwanakin da muka yi muna jiran sakamako, ina shayar da Ikrima ina kau da kai, don kada rabuwar ta yi mini yawa. Shi kuwa yana ta neman idona. Ka roƙa mini gafara.

Ƙanwarka, Aina'u.