Ka Cire Hotona Daga Shagonka

Guangzhou, Agusta 2008

Yaya Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da su Saffana. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Labari ya iso min ka manna hotona a ƙofar shagonka, kusa da injinan jijjiga jikin nan da na aiko maka, kana gaya wa mutane wai su suka sa na zabge. Haba Yaya! Ka ji tsoron Allah. Mai sayar da su a nan wuni yake a kai yana karkarwa, tumbinsa na nan daram.

Kana son sanin abin da ya ramar da ni? Tunda wasannin Olamfik suka matso aka tsananta binciken takardun baƙi, ga shi bizata ta ƙare. 'Yan sanda kan tsaya a bakin lif, na'urar hawa bene, sai ta matakala nake hawa bene da dilar kaya a ka. Wata rana abinci sau ɗaya. Amma ba komai, ana haƙuri.

Ka cire hoton nan yau. Mai son rage ƙiba ya taka da ƙafarsa, ya yi gumi.

Inna kuwa, in ta tambaya, ka bar ta a kan injin ne.

Ƙaninka,
Zayyad