Dutsen da Dogo Ya Miƙo

Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan sai godiya.

Na ce sai godiya ne don haka ake faɗa, amma jikin Baba ba daɗi. Tarin nan na ƙurar rami ya dawo, ƙafafu sun kumbura, ido kuwa ka san tun bara ya tafi. Kunnen ma yanzu ba ya ɗaukar waya, shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Direban da ke zuwa wajenku zai kawo maka, ka ba shi amsa in zai juyo.

Tun da aka sallamo shi daga asibiti, kullum sai ya lallaba zuwa gaban kabad ɗin gilashinsa, ya buɗe, ya shafa katakon, ya rufe. Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya yarda ka kwashe duwatsun wulfaram ɗinsa ka kai gidan adana kayan tarihin da kake aiki, a jera su jama'a su gani. Ya ce bai manta ba, kuma bai fasa ba. Shekara talatin yana haƙo dutsen nan ana kai wa masu narka ƙarfen tangistin, duk wanda ya fito da kyau, baƙi wuluk yana sheƙi a kan farin dutse, sai ya hana a fasa shi, ya naɗo shi a riga ya kawo gida. Yau ga ɗansa zai kunna musu fitila. Har cewa ya yi in gaishe da ranka ya daɗe, sarkin duwatsu.

Amma guda ɗaya yake so ka dawo masa da shi, kuma da gaggawa. Na Baffa Dogo, ƙanensa da rami ya rufta da shi tun kafin a haife ka. Na ce ta yaya za ka gane shi cikin arba'in da uku? Ya ce ka juya su. Ka san Baba bai iya rubutu ba, ƙasar da yake bari a gindin kowane dutse ita ce takardarsa. Ja ta ramin tudu ce, rawaya ta ramin gangare. Na Baffa Dogo kuwa laka ce toka-toka ta ramin ruwa, kuma shi kaɗai ne, don daga ranar ba a sake shiga ramin ba. Ya ce girmansa kamar dunƙulen hannu.

Ban san me zai yi da shi ba. Na tambaya, ya ce in ya zo zan gani. Don Allah kada ka yi mini halin nan naka na sai gobe.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Yayarka

Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iske ni jiya, na ji halin da ake ciki. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi. Na rubuta guda biyu. Ta farkon ki karanta wa Baba, ta biyun taki ce ke kaɗai.

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Duwatsunka sun samu wuri mai kyau, ɗaki guda a hawa na biyu, akwatin gilashi huɗu, an shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙasan kowanne. Babban nan mai kama da wuƙaƙe uku a tsaye shi na sa a tsakiya. Shugabanmu ya daɗe a gabansa, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Za a buɗe ranar goma ga wata mai kamawa, da sunanka a bakin ƙofa. Maganar saƙonka kuma ina kai.

Ɗanka, Auta

Yaya, na wanke su. Duka.

Mako uku na yi a kansu da burushi da ruwan ɗumi da allura, sannan na sa su a injin da ke girgiza ruwa ya fitar da datti daga kowace kafa. Haka aikinmu yake, ba a sa dutse a gilashi da ƙasa a jikinsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na san maganar ƙasar nan tun ina ƙarami. Amma na ɗauke ta dabarar wanda bai samu karatu ba. Na ce ai na ɗauki hoton kowanne kafin in taɓa shi, na ba shi lamba, hoto ya fi ƙasa riƙe shaida. Jiya na buɗe hotunan. Duk ta fuska na ɗauka, ta wajen sheƙin. Mu ba ma ɗaukar hoton gindin dutse. Ko ɗaya babu.

Masu girman dunƙulen hannu goma sha ɗaya ne. Tun safe har aka tashi aiki ina juya su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ko zan ga ƙwayar lakar nan toka-toka ko ɗaya. Tas suke. Har bokitin da nake zuba ruwan wankin na je na duba, an ɗauraye shi tun makon jiya.

Na rasa mafita, Yaya. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ƙanenki

Ranar Lahadi

Auta,

Gaisuwa dai, don dole.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai da digirinka har biyu? Mutum ya ƙare rayuwarsa yana hana mu ko kai tsumma kusa da su, Mama har ta koma ga Allah ba ta taɓa ratsa gaban kabad ɗin nan da ruwa a hannu ba, kai ka zo musu da allura? Allura, Auta! Wallahi da kana kusa da sai na manta ka yi furfura a gemu.

To, ni ma da nawa laifin. Ni na naɗe maka su a jarida lokacin da Baba ke asibiti, ƙasar na zubo mini a zane ina tsaki. Ban ce maka komai ba. A raina ma murna nake na huta da shara.

Na karanta masa tasa. Ya yi murmushi a wajen wuƙaƙe uku. Sai ya ce in ɗauko biro in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara masa. Ga shi:

"Auta, ni ne. Ranar nan ina bakin ramin, Dogo yana ciki. Ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan, muka ji katakon tokara yana kuka. Ya taho da gudu har ƙarƙashina, ya ɗago hannu biyu, ɗaya da dutsen, ɗaya ba komai. Na karɓi dutsen. Na ajiye shi a gefe a hankali don kada ya karye, na juyo in kama shi, babu shi. Mu masu wannan dutse haka hannunmu ya saba, ba a bari ya faɗi. Ko da na kama hannun zai fito, ko ba zai fito ba, ban sani ba. Shekara arba'in ban sani ba. Mutane kuwa ce musu na yi ban iske shi ba. Lokacin matarsa na da cikin 'yarsa. Yarinyar nan ba ta ga ubanta ba, ba ta da kabarin da za ta je, ko hularsa ba ta da ita. Dutsen nan shi ne abu na ƙarshe da ya riƙe, nata ne. Na kasa ba ta, don in na ba ta sai na faɗi yadda ya zo hannuna. Yanzu zan faɗa. Na aika ta zo ranar Juma'a. Ka aiko shi."

Da ya gama na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Yanzu ka saurare ni. Likita ya ja ni gefe ya gaya mini, kwanakin ba yawa. Ka zaɓi ɗaya cikin sha ɗayan nan, ka nemi laka mai toka-toka, ka shafa masa a gindi, ka shanya, ka aiko. Baba ba ya gani, 'yar Baffa ba ta taɓa ganin dutsen ba. Tsohon nan ya sauke abin da ke ransa ya huta. Zunubin a wuyana, na ɗauka.

Sai na ji ka.

Yayarka

Ranar Talata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata Baba ya kwana da sauƙi. Duk abin da kika faɗa mini na cancanta, har da wanda kika haɗiye.

Na gwada shawararki. Na samo lakar, na zaɓi ɗaya, na shafa, ya bushe a kan teburina. Ya yi kamar gaske, har ni da na yi sai da na tsorata. Sai na tuna ba Baba kaɗai za mu ruɗa ba. 'Yar Baffa za ta ajiye shi har ƙarshen ranta, ta nuna wa 'ya'yanta ta ce kakansu ya riƙe wannan. Na riga na ɓata gaskiyar, ba zan ƙara mata ƙarya a kai ba. Na goge lakar.

Na cire duka sha ɗayan daga gilashi, suna cikin kwalin da direba zai ba ki. Shugabanmu ya yi faɗa, don akwati guda zai zama fanko, na ba shi haƙuri. Wataƙila hannun Baba ya gane abin da idona ya kasa, ko ta nauyi, ko ta wani kaifi. Kowanne yana naɗe a auduga. In za ki buɗe ki shimfiɗa abu mai laushi, kada su gogi juna, da nauyinsu amma ba wuya sun karye.

Ni ba zan samu zuwa ba sai an buɗe, aiki ya yi yawa.

A'a, Yaya, ƙarya nake. An ba ni izini tun jiya. Ba zan iya tsayawa a gabansa yana juya su ba.

Ki yafe mini.

Ƙanenki

Ranar Asabar

Auta,

Assalamu alaikum. Kwali ya iso lafiya, ba wanda ya karye.

'Yar Baffa ta zo jiya da hantsi. Na shimfiɗa bargo a gadon Baba na jera su. Ya ɗauki na farko, ya juya, ya sa babban yatsa a gindi, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Haka har sha ɗaya, ya sake komawa farko. Yatsan nan yana ta yawo a gindin dutse, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Sai ya ce wa ya wanke su. Na ce ni ce, ranar da zan naɗe su.

Ya ce, "Ke? Ke da ko kofi ba kya ɗaurayewa ya fita? Wannan hannun Auta ne. Ko cikin tsaga bai bar komai ba."

Tarin ya taso, na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Yaron ya iya aikinsa." Ban sani ba ko yabo ne. Ba zan ƙara gishiri ba, yadda ya faɗa na rubuta maka.

Sannan ya juya wajen da 'yar Baffa take zaune ya gaya mata komai, bai rage ko kalma ba. Ya ce, "Yana cikin waɗannan, 'yata, amma ban san wanne ba. Ki yafe mini sau biyu." Ta yi kuka har sai da na riƙe ta. Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Na ce ta ɗauki wanda ranta ya kwanta da shi. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye, ta ce in ta ɗauki ɗaya tana tsoron ta tafi ta bar na ubanta a kan bargo. Haka ta koma hannu rabbana.

Ka taho, Auta. Ban ga fushi a fuskarsa ba, gajiya kawai na gani. Ka bar wannan kunyar ta banza ka shigo mota.

Yayarka

Ranar Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Na san wayar rasuwar Baba ta riga takardata ta Asabar isa wajenka. Kwana uku ka yi a gidan nan kana karɓar gaisuwa, ba ka tambaye ni komai ba, ni ma na kasa. Na sa wannan a kwalin duwatsun, ka karanta in ka isa.

'Yar Baffa ta ce ka mayar da su akwati ɗaya, kada ka raba su, ka rubuta sunan ubanta a ƙasansu. In an buɗe za ta zo ta gani.

Ranar Lahadi da safe, kafin numfashin ya sarƙe, mota ta tsaya a waje sau biyu. Duka biyun ya ɗago kai ya ce, "Auta ne?"

Na ce masa kana hanya.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Yayarka